Laifin Wa, Kwamfuta Ko Hanya?



Abin da ya tara mu yau ƙarami ne a ido, amma yana cin aljihu. Da yawanmu ta intanet muke kallon laccoci, kuma da zarar hoto ya tsaya, da'irar nan ta shiga juyawa, sai mu sungumi kwamfuta mu nufi mai gyara. Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Bidiyo ba ya zuwa wa kwamfuta gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan yake isowa, tana tarawa kamar ruwa a randa, mai kallo yana kamfata. In kamfata ta fi zubi, tilas randa ta ƙafe, hoto ya tsaya. Saboda haka tambayar farko ita ce, nawa ke shigowa?

YouTube ya ba da ma'auni: hoton 480p yana bukatar megabit 1.1 a daƙiƙa, na 720p megabit 2.5, na 1080p kuwa megabit 5. Mu auna gudun intanet ɗinmu da Speedtest, in bai kai ba, mu rage ingancin hoton. Wannan ma tattali ne, domin megabit 5 a daƙiƙa ya haura gigabayit 2 cikin sa'a guda, alhali kuwa 480p ya isa mu ji malami, mu ga allo.

Na biyu, mu gwada bidiyon a waya ta Wi-Fi ɗin nan dai. In wayar ma ta tsaya, kwamfuta ta kuɓuta. Sai mu kashe na'urar Wi-Fi mu sāke kunnawa, mu matso kusa da ita, gama bango yana raunana ta, musamman zangon gigahaz 5. Mu kuma duba ko wani a gida yana sauke fim.

In kuwa wayar ta yi lafiya, sa'an nan ne za mu tuhumi kwamfuta: mu rufe shafukan da ba ma bukata, mu sabunta burauza, ko mu gwada wata. Amma mu yi hattara, Adobe ya daina kula da Flash tun ƙarshen 2020. Duk shafin da ya ce sai mun sauke Flash, tarko ne.

Wani lokacin kuma cutar ta fi ƙarfin gida. Ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya tsuke a Nijeriya da Gana. A rana irin wannan, mai gyaran da ya karɓi kuɗinmu ya ci banza.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, mu riƙa canja abu ɗaya mu gwada kafin mu taɓa na biyu, mu kuma fara da wanda ba ya cin ko kwabo. Allah ya ba mu sa'ar karatu.