Kiran da Ke Biyo Bayan Shelar Albashi



Duk sa'ad da aka yi shelar tantance ma'aikata ko biyan bashin albashi, mu sani 'yan damfara ma sun ji. Sukan kira mu da sunanmu, har su ambaci makarantarmu, su ce an cire mu daga jerin albashi, sai mun karanto musu BVN da lambar da banki ya turo mana yanzu. Wanda ya shafe watanni yana jiran haƙƙinsa, da wuya ya yi gardama. To, banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Mu katse kiran, mu taka zuwa banki da kanmu.

In kuwa waya ta ɓace, mu fara da rufe asusu kafin neman sabon layi, domin da tsohon layin ɓarawo kan kwashe kuɗi.