Tsima Wake Kafin Dahuwa: Jawabi Ga Iyayenmu Mata a Ranar Rabon Abinci

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, sannunku da jira a cikin wannan rana.

Za ku yi mamakin abin da ya haɗa ofishin kare 'yan gudun hijira da tukunyar wake. Itace ne ya haɗa mu. Busasshen wake yana daɗewa a kan wuta, kuma kowa a nan Minawao ya san nisan da mata da 'yan mata ke yi kafin su samo itace, da irin haɗarin da ke kan hanyar. Duk abin da zai rage wannan fita aikinmu ne.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Ita kuke yi idan kun jiƙa gero don kamu, ko kun bar madara ta kwana ta zama kindirmo. Wasu ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, su ke kawo tsamin nan, kuma tsamin yana danne masu ɓata abinci.

Wake yana da sinadarin gina jiki, da na ƙarfe mai ƙara jini, da zinki. Amma yana ɗauke da wani sinadari, fayitet, mai riƙe ƙarfen da zinkin ya hana jiki cin moriyarsu sosai. Akwai kuma wani irin sukari da ciki ba ya iya narkarwa, shi ke sa kumburi har yara su ƙi ci. Tsimawa tana rage duka biyun, kuma waken ya fi saurin nuna.

Ga yadda ake yi. A tsince waken, a wanke. A zuba a kwano mai tsabta, a sa ruwan sha ya shanye kansa sosai, domin zai kumbura. A ƙara ludayi ɗaya na ruwan tsamin kamu, ko cokali 2 na kindirmo. A rufe, a ajiye a inuwa ya kwana. Kada ya wuce awa 24, balle a watannin zafi. Da safe a zubar da ruwan, a ɗauraye, a ɗora da sabon ruwa.

Abu uku muke roƙo ku riƙe. Na ɗaya, tsimawa ba dahuwa ba ce. Dole waken ya tafasa sosai har ya yi laushi, musamman jan wake, wanda ke sa amai da gudawa idan bai dahu ba. Na biyu, ƙanshin tsami irin na koko shi ake so. In kun ji wari, ko kun ga yauƙi ko fumfuna, a zubar, kada a ji asara a ba yara. Na uku, a rage kanwa, domin tana lalata bitamin B1.

Idan an samu tumatir, lemon tsami ko garin ƙwallon kuka, a haɗa a ci tare, suna taimaka wa jiki ya ɗebi ƙarfen. Shayi kuwa yana rage shi, a bari sai can bayan an ci abinci.

Mai juna biyu ko yaron da ke yawan jiri da kasala, ko cikin idonsa ya yi fari, a kai shi asibiti. Wake ba ya maye gurbin magani. Wadda kuma wani abu ya same ta a hanyar itace, ƙofarmu a buɗe take, kuma maganarta ba za ta fita ba.

Allah ya mayar da mu gida lafiya.