Jawabin Taron Ƙungiya: Haƙƙin Marar Lafiya A Gidan Likita

Iyayenmu, malamai, ƴan'uwa maza da mata na Garhanga, mun gode da kuka amsa kira.

Kowa ya san halinmu. Mukan kai yaro likita, a yi masa allura, mu komo gida ba mu tambayi ko sunan maganin ba. In ya rasu, sai mu ce kwana ya ƙare. Hakika rai na Allah ne, amma sakaci aikin mutum ne, kuma mutum ana tambayarsa.

Ku saurari abin da ya faru a Kano. A shekarar 1996 sankarau ya ɓarke a can, sai kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa, ya ɗauki yara 200 don gwada sabon magani mai suna Trovan. Kusan rabinsu aka ba sabon, sauran aka ba wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka kurmance, waɗansu suka shanye. Kamfani ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an yi wa iyaye bayani da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. To, ina takardar da uba ya sa wa hannu? Babu. Ita kanta wasiƙar izini daga baya aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata.

Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 bisa dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, bayan shekara 15, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, shi ma sai da aka yi gwajin tabbatar da dangantaka. Birnin Kano ke nan fa, mai lauyoyi da jaridu, balle mu nan cikin duwatsun Adar.

Ba zargin majonmu muke ba. Mun san yana aiki dare da rana da kayan da ba su kai ba. Abin da muke roƙo, duk wanda ya je likita ya tambayi sunan cuta da na magani, ya ga an rubuta cikin karne, ya adana shi kamar takardar gona. Mu maza kuma mu daina barin mata su tafi su kaɗai da yaro mai zazzaɓi. In an tura mutum Keita ko Tawa, kada ya tashi ba takardar turawa. In an ce za a yi aiki, a yi masa bayani da Hausa ko Tamajak kafin ya dangwala yatsa.

Wanda yake da kuka ya kawo wa wakilanmu na komitin gidan likita. Za a rubuta da rana da wata, a fara da majo. In ba a samu amsa ba, a kai gaban babban lokotoro a Keita. Littafin yana hannun sakatare.