Daga Tawa zuwa Difa: awa nawa a jirgin sama?

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci

Yau lissahinmu a kan jirgin sama yake. Kowa ya ɗauko allo da alli.

Tawa tana da ƙaramin hilin jirgi. Difa ma tana da nata. Mai mota in ya tashi daga Tawa, sai ya gangaro Tsarnawa, ya bi Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Gure da Maine Sorowa, kana ya shiga Difa. Wannan hanya ta hi kilomita 1000. Motar da ke cin kilomita 60 a awa za ta yi wajen awa 17, ban da tsayawa salla da cin abinci.

Shi jirgi ba ya kwana-kwana. Miƙewa yake yi. Ta sama, tsakanin garuruwan nan biyu wajen kilomita 810 ne.

To, ga lissahi. A ce ƙaramin jirgi yana cin kilomita 270 a awa. Ku raba 810 da 270. Nawa kunka samu? Uku. Ashe awa 3 ke nan.

Amma iska tana da tata magana. Lokacin hunturu, daga gabas maso arewa take busowa. Mai zuwa Difa yana karo da ita. In ta rage masa kilomita 30 a awa, saura 240. Tahiyar ta koma awa 3 da minti 20 da ɗoriya. Wajen komowa kuwa, iska tana tura shi, sai ya ci 300. Awa 2 da minti 42 sun isa. Hanya ɗaya ce, lokaci ya bambanta.

Akwai kuma abin da allo ba ya nunawa. In hazo ya yi yawa, direban jirgi ba ya ganin ƙasa, sai a ɗage tashi. In rana ta yi zahi, iska takan yi sakayau, sai jirgi ya rage kaya. Don haka anka hi son tashi da sassahe. Hilin da babu hitilu, ba a sauka cikinsa da dare. In jirgi ya tsaya Maraɗi ko Damagaram shan mai, a ƙara lokaci.

Abu biyu nike roƙonku. Na farko, mai ciki ko marar lahiya a kai shi likita mahi kusa tun da wuri. Kada a zauna jiran jirgi. Na biyu, ku makiyaya da yara, ku nisanta dabbobi daga hilin jirgi. Akuya guda tana iya hana jirgi sauka, alhali cikinsa akwai magani ko majinyaci.

Ga aikin gida: jirgi mai cin kilomita 405 a awa, awa nawa zai yi daga Tawa zuwa Difa? Ku zo da amsa gobe.

Allah shi ba mu lahiya da zama lahiya.