Ƙauna Mai Roƙon Kuɗi

 Yau zancenmu a kan 'yan damfara ne, masu farautar zukata ta Facebook da WhatsApp.

Ku tuna da Delila cikin Littafin Mahukunta sura 16. Bakinta yana zancen ƙauna, alhali shugabannin Filistiyawa sun yi mata alkawarin azurfa 1,100 kowannensu. Samson ya saki jiki, ya rasa idanunsa.

Haka ɗan damfara yake. Yakan saci hoton wani, ya ce shi soja ne a Amurka. Kafin mako ya zagayo, ya kawo maganar aure. In an ce a yi kiran bidiyo, sai ya kawo dalili. Daga nan sai roƙon kuɗin asibiti, ko na kyautar da wai ta maƙale a kwastan.

Ko a Kasuwar Kurmi ba a cinikin biri a sama. Kada ku aika kuɗi ko hoton tsiraici ga wanda ba ku taɓa gani ba. Ku shawarci iyaye ko dattawan ikilisiya. Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta rufe masa baki, ya kai ƙara ofishin EFCC na Kano.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.