Tsayin Gidanka daga Teku, da Tsayinsa daga Kwarin Ruwa

Hakimai da masu unguwanni, malamaina, iyayena mata, magina da ɗalibai, da baƙinmu da suka taso daga Alela da Malbaza da Illela, barkanku da zuwa Birnin Kwanni.

Wani zai ce, mu da teku ta yi mana nisan sama da kilomita 800, ina ruwanmu da ita? Dalilin shi ne, kowane awo yana buƙatar mafari. In za ka auna zurfin rijiya, daga bakinta kake farawa. Masu awon ƙasa sun zaɓi fuskar teku ta zama mafarin tsayin kowane wuri. Da yake teku tana cika tana janyewa, sai a kafa ma'auni a bakin gaɓa, a yi shekaru ana rubuta hawa da saukarta, a ɗauki matsakaicinsu a kira shi sifiri. Daga nan masu awo suke tahowa da na'ura mai ƙafa uku da sanda mai lambobi, zango bayan zango, suna barin ƙusoshin ƙarfe a jikin gadoji da manyan gine-gine. A ƙasarmu Nijar, Cibiyar Taswira ta Ƙasa da ke Yamai ce ke riƙe da wannan aiki.

Bisa wannan awo, Yamai tana wajen mita 200 sama da teku, Birnin Kwanni wajen mita 270, Tawa kuma ta kusa mita 400. Ƙololuwar ƙasar tana duwatsun Bagzan a Ayar, mita 2,022. Ku duba waɗannan lambobi, za ku ga labarin ruwanmu a cikinsu. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Adar dole ya gangaro, shi ya sa kogin Majiya yake bi ta yankinmu har ya tsallaka iyaka zuwa tafkin Kalmalo a jihar Sakkwato. Madatsun Mozage da Zango suna ba gonakin rani na Kwanni ruwa ne saboda sun fi gonakin tudu. Da injiniyoyi sun kuskure awon, da ruwan ya kwanta a hanya.

Yau mai son sanin tsayin gidansa yana da hanyoyi a aljihunsa. Wayar hannu tana karɓar saƙo daga taurarin GPS da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000, ta lissafa inda kake. Wasu wayoyin suna da ma'aunin nauyin iska, domin iska tana raguwa da nauyi in ana hawa. Akwai kuma taswirorin intanet, waɗanda da yawansu suka dogara da awon da kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi wa doron ƙasa da rada a watan Fabrairun 2000.

Sai dai ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau: waya ta fi iya faɗin inda kake a kan faɗin tsayinka. Tana iya kuskure da mita 10 ko fiye, ta ba ka lamba da safe, ta ba ka wata da yamma kana tsaye a wuri guda, musamman in iska ta sauya. Taswirar kumbon kuwa tana ba fili mai faɗin mita 30 lamba ɗaya, alhali cikin wannan fili akwai gidanka da na maƙwabcinka da lambatun da ke tsakaninku. Ruwan da ke cin gindin katangar laka ba ya buƙatar mita 10. Kamu ɗaya ya ishe shi.

Mun gani a daminar 2024. Ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, ɗaruruwa suka rasu, Allah ya jiƙansu. Jihar Tawa na cikin waɗanda abin ya taɓa, a Damagaram kuma tsohon masallacin laka mai tarihi ya rushe. A unguwa guda, gida ya faɗi, na kusa da shi ya tsaya, kuma sau da yawa bambancinsu ɗan tudun da aka ɗora harsashi a kai ne.

Saboda haka lambar da ta fi muhimmanci ga maigida ita ce tazarar da ke tsakanin dokin ƙofarsa da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Wannan kuwa maginanmu sun daɗe da sanin yadda ake auna ta. A samo tiyo garai-garai mai tsawo, a cika shi da ruwa, a fitar da kumfar iska. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a filin da za a gina, ɗaya ya riƙe ɗayan a can gangare. Ruwan da ke bakunan biyu kullum daidai yake tsayawa. Kowa ya auna daga kan ruwan zuwa ƙasa, a cire ƙaramin awo daga babba, abin da ya rage shi ne bambancin tsayin wuraren biyu. A ci gaba haka har bakin kwari, ana tara lissafin. Awon nan ya fi na waya daidai nesa ba kusa ba.

Kafin a ɗauko tiyon, a je wurin dattawan unguwa. Su ne suka san inda ruwa ya tsaya a shekarun manyan damuna, su za su nuna maka tabon da ya bari a jikin itace ko tsohuwar katanga. Daga wannan tabo ake fara awo, a ɗaga harsashi ya wuce shi, a zuba dutse da siminti a gindi ko da sauran ginin na laka ne. Dutse muna da shi a Adar, siminti kuma ga shi nan a Malbaza.

Ga magadan gari, roƙona shi ne kada a yanka filaye a fadama ko a bakin kwari sai mai awo ya bi wurin, kuma mai saye ya san tsayin filinsa kamar yadda ya san faɗinsa. Ga malaman makaranta, ku fita da yara da tiyo da igiyar awo, su auna farfajiyar makarantarsu, su gano da kansu inda ruwa zai bi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Rani ne lokacin wannan awo, tun hadari bai haɗo ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu.