Dokar Baƙi ta Amurka: Murhun da Dutsensa Ɗaya Ya Goce

Yau za mu duba abin da ya sa gyaran dokar shige da fice ya gagari 'yan siyasar Amurka shekara da shekaru.

Ran 6 ga watan Nuwamba, 1986, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a wata doka wadda aka girka bisa duwatsu uku, kamar murhu. Na farko, a yi wa baƙin haure ahuwa, muddin suna zaune a ƙasar tun kafin 1 ga Janairu, 1982. Na biyu, a ƙarfafa tsaron iyaka. Na uku, a ci tarar duk wanda ya ɗauki baƙo aiki alhali ya san ba shi da izni.

Dutsen farko ya zauna daram. Mutum wajen miliyan 2.7 suka sami takardun zama, cikinsu har da ma'aikatan gona kamar miliyan ɗaya, waɗanda manyan manoma suka nemi a sassauta musu sharaɗi. Na ukun ne ya goce, domin dokar ba ta tilasta wa mai ɗaukar ma'aikata ya binciki asalin takardar da aka nuna masa ba. In dai ta yi kama da ta ƙwarai, to, ya fita. Nan da nan kasuwar takardun jabu ta buɗe.

Wannan sassauci kuwa yana da dalili. Gonakin Kalifoniya da mahautai da masu gine-gine suna bukatar ƙwadago mai araha. Ɗan siyasa yana tsoron talakan da ke kukan baƙi sun karya masa lada, yana kuma tsoron attajirin da ba ya so a hana shi ma'aikata. Saboda haka sai ya ɗaga murya a bakin iyaka, ya kau da kai a ƙofar masana'anta. Tun da aiki yana nan, mutane suka ci gaba da shigowa, har yawan baƙin haure ya kai wajen miliyan 12 a 2007.

A 2013 Majalisar Dattawa ta amince da wani sabon gyara da ƙuri'a 68, masu ƙi 32, amma Majalisar Wakilai ta ƙi ko tayar da maganar. Hujjar masu adawa ita ce a 1986 an yi ahuwa, ba a cika sauran alkawarin ba.

Wanda ke ɗaukar asarar wannan jan-in-ja shi ne baƙon. Yana aiki, sau da yawa har haraji yake biya, amma in an danne masa lada yana tsoron kai ƙara. In kuwa tattalin arziki ya taɓarɓare, shi ake fara nuna wa yatsa. Mutanen zango ba su manta da korar baƙi daga Ghana a 1969 ba, balle ta Nijeriya a 1983.

Duk ƙasar da ke son gyaran gaskiya, wajibi ne ta fara faɗa wa jama'arta ma'aikata nawa take bukata, sa'an nan ta buɗe musu ƙofar halal daidai wannan bukata. Sai wani jiƙon, a huta lafiya.